Kafaɗar Ablay

Ku ƴaƴana, akwai wani labari da kuka tashi kuna ji a gidan nan, na kuma san wasunku sun riga sun ba nasu ƴaƴan. Ana cewa lokacin da nake karatu a Dakar na faɗa teku na ciro wani abokina da ruwa ya ja. An faɗe shi a zaure, an faɗe shi a wajen suna, har ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki wani ya miƙe ya maimaita shi. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunyar yabo ce. Kunya ce, amma ba irin wadda suke zato ba. Ban ciro kowa daga teku ba. Ni aka ciro. Yanzu da ido ya fara gajiya da takarda, ina so in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya jera shi daidai.

Sai na fara da kakarku, Inna, don ba za ku gane sauran ba sai kun san ta kamar yadda na san ta a lokacin. Mu mutanen Gure ba mu san ruwa mai yawa ba. Namu na rijiya ne, sai tabkin damina da ke kwanciya a kwari wata biyu ya ƙafe. Babana makiyayi ne, yana da shanu da ƴan raƙuma, da damina yana wajen Kelle, da rani yana kwarurrukan Gidigir. A gida Barbarci muke yi, a kasuwa Hausa, a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci. Inna tana da wani ƙane mai suna Bukar, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Da ya zama saurayi ya bi fataken kifi zuwa Tabkin Cadi, jirginsu ya kife, ba a ga ko gawarsa ba. Hularsa kawai aka kawo mata. Tun daga nan ba ta yarda ɗanta ya je kusa da ruwan da ya wuce idon sawu. Da na gama lise, wato sakandare, a Damagaram aka zaɓe ni in je Dakar in koyi aikin likitan dabbobi, duk gida ana murna ban da ita. Ranar tafiya da safe ta kira ni ɗakinta, ta riƙe ni a wuyan hannu.

"Kyari, an ce garin da za ka, ruwa ya kewaye shi."

"Haka ne, Inna, amma makarantar tana kan tudu."

"Ban tambaye ka inda makaranta take ba. Ka ce mini ƙafarka ba za ta taɓa ruwan nan ba."

Baba yana tsakar gida yana ɗaure mini kaya, ya ɗaga murya ya ce ta bar ni in tafi, mota ba ta jiran kowa.

"Sai ya faɗa," in ji ta.

Na faɗa. Na ce na yi mata alkawari, Allah ne shaida. Sai ta sake ni.

Shekara biyu na riƙe wannan alkawari, kuma bai yi mini wuya ba. Teku ina hango ta daga tagar mota, wani abu shuɗi mai faɗi da ba ya ƙarewa, in kau da kai. Karatu ya karɓe ni. Abin da abokaina suke koya a littafi, ni da shi na tashi. Na san saniya mai ciwo tun daga yadda take tsayuwa, na san inda ake kama bijimi ya kwanta ba tare da an yi kokawa ba. Wannan ya sa mini girman kai, ba zan ɓoye muku ba. A ajinmu akwai wani ɗan ƙasar mai suna Ablay, gajere mai faɗin ƙirji, kullum cikin dariya. Ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin teku kudu da Dakar, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, bai taɓa riƙe igiyar saniya ba sai da ya zo makarantar. Wata rana aka ce ya kayar da wani bijimi. Ya tsaya a gefen da bai kamata ba, bijimin ya juya ya make shi da ƙugu, ya faɗa cikin kashin shanu. Duka aka yi dariya, amma tawa ta fi ta kowa. Na ce ai ɗan kifi ba ya iya tsayuwa a tudu. Sunan ya bi shi, har malamai suka ji. Shi ma ya yi dariya tare da mu. Bayan kwana biyu ya same ni ya ce in koya masa ɗaurin igiyar. Na nuna masa sau ɗaya, da sauri, ina duba agogo.

A shekara ta uku aka ba mu ɗan gajeren hutu, wanda bai isa mu baƙi mu je gida ba. Ablay ya gayyaci mu biyar mu je mu ga garinsu da abin da ke kan hanya. Ban yi zaton zai sa da ni ba.

"Kai ma za ka zo, mutumin rairayi," ya ce. "Uwata ta ce ba ta taɓa ganin ɗan Nijar ba."

Na ce masa ni ba na shiga ruwa.

"Wa ya ce ka shiga? Ka zo ka ci abinci."

Ranar Lahadi muka tashi bayan asuba, mu shida, a wata kar, irin motar hayarsu, mai fenti shuɗi da rawaya. A cikinmu akwai Sani, ɗan Damagaram, wanda ya zo da na'urar ɗaukar hoto da ya aro. Da muka fita gari sai ƙasa ta buɗe, ga itatuwan kuka manya-manya, ga fararen shanu masu dogon ƙaho suna kiwo. Zuciyata ta yi sanyi, don sai na ji kamar hanyar Bune ta wajenmu nake bi. Ina ta yi musu bayanin shanun, wannan ta kusa haihuwa, waccan ƙishirwa take ji, ba wanda ya tambaye ni. Can sai iska ta sauya, ta zo da ɗanɗanon gishiri da ƙarni. Muka sauka a Mbur da hantsi, daidai lokacin da jiragen masunta ke dawowa.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Jirage dogaye, kowanne da zane da sunan Allah ko na wani shehi a jikinsa, jere har inda ido ya tsaya. Maza suna shiga ruwa har ƙirji, su fito da kwanduna a ka suna gudu, ruwan kifi na zuba musu a fuska. Dawaki na jan amalanke har cikin kumfa. Mata a zaune gaban tulin kifi suna ciniki da murya mai ƙarfi, bayansu hayaƙi ya turnuƙe inda ake banda. Ni idona yana kan ƙafafun dawakin, ina ganin yadda gishiri ya cinye musu fata. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ablay. Yana taka yashin nan sai ya zama wani mutum daban. Kowane kifi ya san sunansa, ya san wanda ake samu a zurfi da wanda ke bin gaɓa, kamar yadda nake sanin shanu da launinsu. Tsofaffi suna kiransa su riƙe hannunsa. Wani dattijo ya nuna masa sama ya tambaye shi wani abu, Ablay ya duba ya ba shi amsa, dattijon ya gyaɗa kai. Na tambaye shi me suka ce. Ya ce maganar iskar yamma ce, za ta tashi da ƙarfi bayan la'asar. Na ji wani abu ya ɗan tsunkule ni a zuciya. Shekara biyu ina ganin mutumin nan a matsayin wanda bai san komai ba.

Daga nan muka wuce Jowal, inda akwai wani tsibiri da aka ce duk ƙasarsa ɓawon kodi ne. Da gadar katako ake shiga. Na tsaya a bakin gadar ina shawara da kaina, na ce ai katako zan taka, ba ruwa ba, alkawarina yana nan. Na ƙetare ina kallon gabana kawai. Tsibirin kuwa gaskiya ne, babu yashi ko kaɗan, duk inda ka taka sai ƙaras-ƙaras, har bangon gidaje da shi aka yi. Muka ga rumbunan gero da aka kafa a kan sanduna cikin ruwa don kada wuta ko ɓera su kai gare su, na ce da Baba zai ga wannan da ya daɗe yana kallo. Muka ga maƙabartarsu, Musulmi da Kirista a wuri ɗaya ƙarƙashin kukoki. Sani ya yi ta ɗaukar hoto. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci, sannan muka hau amalanken doki zuwa ƙauyen su Ablay.

Uwarsa, Yay Astu, doguwar mace ce siririya, hannuwanta duk sun yi kanta saboda aikin kifi. Ba ta jin Faransanci, mu ba mu jin Wolof sai gaisuwa, Ablay ne tafinta. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata bishiya, ta kawo wani babban kwano na shinkafa ja da kifi da kabeji da rogo. Muka kewaye shi. Ita ma ta zauna, ba don ta ci ba. Da yatsunta take ɓare kifin tana cire ƙaya, tana turo wa kowa tsoka gabansa. Na lura nawa ya fi na kowa yawa. Ta yi wata magana tana kallona.

"Ta ce ka rame," in ji Ablay. "Ta ce uwarka tana nesa, don haka yau ita ce."

Ta tambayi me ake ci a garinmu. Na ce tuwon gero, da nono, da dabino. Ta tambaya ko muna da kifi. Na ce sai busasshe, shi ma daga nesa ake kawo shi. Ta girgiza kai cikin tausayi, kamar na ce mata mu marayu ne, ta ƙara turo mini. Bayan abinci aka dafa shayi zagaye uku. Ina kwance a tabarmar nan ina jin ƙarar teku a bayan gidaje, na ji daɗin da ban ji ba tun da na bar gida. Da a nan ranar ta ƙare, da ba ni da abin da zan rubuta muku sai alheri.

Bayan la'asar muka gangara bakin ruwa. Sauran suka tuɓe suka shiga suna wasa kamar yara. Ni na zauna a kan wani kifaffen jirgi ina gadin takalma. Iskar da Ablay ya faɗa ta fara tashi. Sai Sani ya zo ya ce in tsaya a ruwa ko zuwa idon sawu ya ɗauke ni, don in mun koma gida ba wanda zai yarda mun zo teku. Ba zan ɗora masa laifi ba. Sau ɗaya ya faɗa, bai matsa ba. Ni ne na gaji da zama kamar tsohuwa ana kallona. Na naɗe wando, na bar doguwar rigata a jiki, na nufi ruwan. Ablay ya hango ni ya fito da sauri.

"In za ka shiga, tsaya nan inda muke. Ka ga can, inda ruwan ya kwanta lumui babu kumfa? Kada ka je can. Nan ne yake ja."

Magana ce ta gaskiya, ya kuma faɗe ta da kyakkyawar zuciya. Amma ni kunnena ya ji wani abu daban. Na ji kamar ɗan kifi ya samu ranar rama abin da na yi masa, yana koya mini inda zan tsaya a gaban mutane. Kuma a idona wurin da ya hana ya fi kama da aminci, don babu igiyar ruwa a wurin. Na ce masa na gode, na taka zuwa can.

Ruwan ya fi yadda na zata sanyi. Na tsaya zuwa idon sawu, Sani ya ɗauka. Na ƙara taku biyu, ya kai gwiwa. Abin da ban sani ba shi ne yashi yana gudu daga ƙarƙashin ƙafar mutum. Ina tsaye wuri ɗaya, amma ƙasa tana zamewa. Na juya zan koma sai na ji babu abin takawa. Rigata ta cika da ruwa ta naɗe mini ƙafafu. Na buɗe baki zan yi kira, gishiri ya shiga. Da kaina ya sake fitowa, na ga mutanen da ke gaɓa sun zama ƙanana. Ban yi salati ba, ban tuna komai na karatu ba. Hular kawuna Bukar kawai na gani, yadda Inna ke ajiye ta a ƙasan akwatinta, na ce yau za a kai mata ta biyu.

Ban ga zuwan Ablay ba. Na dai ji jikin mutum, na damƙe shi da duk ƙarfina a wuya, na hau kansa, muka nutse tare. Wanda ruwa ke ci ba shi da hankali, ba shi da aboki. Da ya ga zan kashe mu duka, sai ya naushe ni a fuska, hannuna ya saki, ya kewayo ta bayana ya kama wuyan rigata. Bai yi ƙoƙarin komawa gaɓa kai tsaye ba. Gefe ya yi ta ja na har muka fita daga inda ruwan ke ja, muka shiga inda igiyoyi ke fashewa. A nan akwai wani babban jirgi da aka ɗaure, yana tashi yana faɗuwa. Wata igiya ta ɗauke mu ta nufi jikinsa da mu. Kaina ne a gaba. Ablay ya juya ya sa kafaɗarsa tsakanina da katakon. Ko a cikin ruwan na ji ƙarar. Masunta ne suka shigo suka kwashe mu.

Na farfaɗo a kan yashi ina aman ruwa. Ablay yana zaune kusa da ni, hannunsa na dama yana reto kamar ba nasa ba, fuskarsa ta yi toka. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan likita. Ni Yay Astu ta kama hannuna ta kai ni gida. Na jira ta zage ni, ko ta tofa mini yawu, don na san an gaya mata yadda aka yi. Ta ɗebo ruwan rijiya ta wanke mini fuska da kai kamar jariri, ta shiga ɗaki ta ɗauko rigar marigayi mijinta ta ba ni. Ina rawar jiki ina kuka, ita tana dafa mini kai tana wata magana a hankali. Har yau ban san me ta ce ba. Kafin magariba aka dawo da Ablay, an ɗaure masa hannu a ƙirji. Kafaɗar ta goce, ƙashin kuma ya tsage. Na durƙusa gabansa. Ya dube ni da idon da ciwo ya janye, ya ce:

"Kyari, ka fi bijimin nan nauyi."

Saura mako shida a yi jarrabawar aikin hannu. Ablay bai iya riƙe ko allura ba, dole ya maimaita shekarar. Na riga shi gamawa da shekara guda, ni da na jawo abin. Hannun kuma bai ƙara ɗaguwa sama da kai ba har ƙarshen ransa, shi ya sa ya bar aikin manyan dabbobi ya koma duba lafiyar kifin da ake fitarwa. Na riƙa kwafe masa darasi, ina ɗaukar masa jaka, ina wanke masa kaya, har ran nan ya ce in daina, yana son aboki ne, ba bara ba. Bai taɓa ambata mini ranar ba, ko da wasa, bayan wannan magana ta bijimi.

Yanzu ga inda ƙaryar ta shigo. Sani ya rubuta wa gidansu cewa Kyari ya shiga teku, Allah ya kiyaye. Magana ta hau mota daga Damagaram ta sauka Gure. Ba a daɗe ba na samu takarda daga Baba Mele, ƙanen babana, wanda shi ke karanta wa gida wasiƙa. Ya ce Inna ta daina cin abinci, tana tambaya ko gaskiya ne na taka ruwa, in gaskiya ne in tattara kayana in dawo. Na san ta. In na ce ganganci ne da girman kai, karatuna ya ƙare. Na kwana biyu ina juya takardar. Sannan na rubuta cewa gaskiya ne na shiga, amma wani abokina ne ruwa ya ja, babu kowa kusa, na ga ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Duk abin da ya faru na faɗa, sunaye kawai na musanya. Amsa ta zo cewa Inna ta yafe, ta ce ran mutum ya fi alkawari. Ta aiko da kilishi da dabino a ba yaron, a ce masa ya riƙa kula da kansa. Na kai wa Ablay, na ce tsaraba ce daga gida. Sani na roƙe shi ya yi shiru, ya kuma yi, Allah ya jiƙansa.

Shekara goma sha ɗaya ta wuce. Ina aiki a biro, wato ofishin kiwo, na nan Gure, na auri mahaifiyarku, an haifi biyu a cikinku. Sai ga saƙo cewa Ablay ya zo taro Damagaram, zai ƙaraso ya gan ni. Na tarye shi a tasha. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, dariyar tana nan. Muna tafe a ƙasa zuwa gida na tsayar da shi a gindin wata aduwa na gaya masa abin da na rubuta, don na san Inna za ta yi maganar. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"To, shi ke nan," ya ce. "Ni ne wanda aka ciro. Tsohuwa ce, kada mu tayar mata da hankali."

Inna ta sa an yanka rago. Ta shimfiɗa masa tabarmarta ta kanta, abin da ba ta yi wa kowa. Baba ya riga ya rasu a lokacin. Mu uku ne a rumfa, da azahar, ni ne tafinta, ita da Barbarci, shi da Faransanci. Duk abin da na ga dama shi zan juya, ba wanda zai sani. Ta lura da yadda yake miƙa hannun hagu ya tallafi na dama in zai ɗauki ƙwarya, ta ce Allah sarki, ashe har yanzu ruwan bai sake shi ba. Sannan ta ce in tambaye shi ko ya ji tsoro a ranar. Na tambaye shi. Ya dube ta ya yi murmushi.

"Ka ce mata na ji tsoro ƙwarai. Amma Kyari ya riƙe ni a wuya, bai sake ni ba."

Na buɗe baki in juya mata. Mutumin nan ya ba da kafaɗarsa, ya ba da shekararsa, yanzu kuma yana zaune a gidanmu yana ba da sunansa, ko ƙarya ma bai yi ba. Sai na ji ina gaya wa Inna komai, tun daga kashin shanu har zuwa takardar. Ablay bai ji yaren ba, amma ya gane, ya sunkuyar da kai. Inna ba ta katse ni ba. Da na gama ta dube ni.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce, "ina gode wa Allah da ya ba ni ɗa mai zuciya. Ashe abin da ya yi mini ya fi haka. Ya dawo mini da kai daga inda bai dawo mini da Bukar ba, ban kuwa taɓa gode masa a kan wannan ba ko sau ɗaya. Kai ka hana ni. Wannan bawan Allah kuma na aika masa da dabino ina ce masa ya kula da kansa."

Na ce ta yafe mini. Ta matsa kusa da Ablay, ta ɗauki hannun nan nasa na dama ta riƙe da nata biyu, ta fara addu'a. Na soma juya masa, ta ce in yi shiru, ba da ni take ba. Ta daɗe tana yi, ta ambaci uwarsa, ta ambaci ƴaƴansa da waɗanda ba a haifa ba. Ablay, wanda ban ga hawayensa ba ranar da ƙashinsa ya tsage, ya zauna yana kuka kamar yaro.

Kwana uku ya yi, kwana ukun nan Inna ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Ita da kanta take dama masa fura. Ranar da zai tafi ta rako shi har ƙofar gida, sannan ta juyo gare ni ta ce ta yafe, amma in je in gaya wa mutane gaskiya da bakina, ita ba za ta tona ni ba. Na ce zan yi. Na gaya wa mahaifiyarku a ranar. Sauran mutane kuwa na yi ta cewa gobe, har Inna ta rasu, har Ablay ma ya rasu bara waccan. Ƴarsa Astu ce ta kira ni a waya ta gaya mini. Wannan rauni nawa ne, ban da wanda zan jingina wa.

Abu ɗaya ya rage da ban faɗa muku ba. A ƙofar gidan nan, kafin Ablay ya ɗauki jakarsa, Inna ta ce mini daga yau in ana ambaton ƴaƴanta a fara da shi, ni in biyo baya. Don haka kuna da baffa da ya girme ni a gidan nan, ku sa shi a addu'a da sunansa, shi da Yay Astu. Astu tana nan a ƙauyensu, a gidan kakarta, tana koyarwa a lakwal. Na gaya mata ku bakwai ne, na faɗa mata sunayenku ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya zo a cikinku akwai tabarma.